Rabin Awar Safiya: Nazarin Lamarin Wata Uwa Mai Aiki da Reno Ita Kaɗai

Fayil ɗin ya iso teburina da ɗan umarni a samansa, da jan biro: a rubuta mata gargaɗi na ƙarshe. Ni ke kula da harkokin ma'aikata a wani asibiti mai zaman kansa, kuma irin wannan takarda na saba rubuta ta, ba ta cin minti goma. Laifuffukan da aka jera uku ne: makara sau 14 cikin wata uku, fashin aiki kwana 5, da yawan amsa waya a bakin aiki idan tana dutin dare. A ƙa'idarmu, bayan gargaɗi na ƙarshe sai sallama.

Sunan da ke jikin fayil ɗin ne ya tsayar da hannuna. Ba zan faɗe shi ba. Malama muke kiranta a wurin aiki, da shi zan kira ta a nan. Shekararta takwas a ɗakin gwaje-gwaje. Ita ake nema idan an kawo jariri ya galabaita an rasa jijiyar da za a ɗebi jini. Shekara bakwai fayil ɗinta fes, babu ko takardar tuhuma guda. Mutumin da ya yi shekara bakwai yana zuwa a kan lokaci ba ya wayar gari kawai ya zama malalaci. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da kowa ya sani, har da ni, shi ne aurenta ya mutu wata 14 kafin nan, kuma yara biyu suna hannunta: mace mai shekara 11 da namiji mai shekara 3. Mun sani, mun yi mata jaje, mun wuce. Babu wanda ya taɓa haɗa wancan labarin da jan biron da ke cikin rajista.

Abin da rajista ta nuna

Kafin in kira ta, sai na ɗauko rajistar sa hannu na ajiye kusa da jadawalin duti na wata shida. Ɗakin gwaje-gwajenmu duti uku yake yi: na safe daga ƙarfe 7 zuwa 2, na yamma daga 2 zuwa 9, na dare daga 9 zuwa 7 na safe. Jadawalin mako yana fitowa ranar Juma'a, a fara aiki da shi Litinin, kuma ba wuya a turo wa mutum saƙon waya cewa an sauya masa duti gobe.

Makarar nan 14 duk a dutin safe suka faɗo. Na yamma ko sau ɗaya ba ta makara ba, na dare ma haka. Kuma makarar kusan iri ɗaya ce kullum, tana sa hannu tsakanin 7:55 da 8:05. Mai sakaci ba ya makara da irin wannan tsari. Yau ya zo da wuri, gobe ya yi rana tsaka. Wannan makara ce mai agogo. Na kuma lura duk sun fara ne a mako guda, kamar an yanka da wuƙa: kafin wannan makon babu, bayansa kullum.

Na aika aka kira ta. Ta shigo ta ƙi zama.

"Ranki ya daɗe, na san abin da aka kira ni a kai. Ki ba ni takardar kawai in sa hannu."

"Malama, zauna tukuna. Ba faɗa na kira ki ba. So nake ki faɗa min yadda safiyarki take, tun daga tashi har isowa nan."

Ta daɗe tana kallona, kamar mai auna ko tarko ne. Sannan ta fara, kuma da lissafi ta yi bayanin, babu kuka babu neman tausayi. Tana tashi ƙarfe 4:30. Ta yi girki, ta yi wa ƙaramin wanka, ta haɗa wa kowa abin da zai tafi da shi. Makarantar babbar ba ta buɗe ƙofa sai 7:15. Gidan raino kuwa sai 7:30, kuma ba sa karɓar yaro ko da minti ɗaya kafin haka. Daga gidan rainon zuwa asibiti tafiyar minti 25 ce idan hanya ta yi kyau. Duk yadda ta kai ga sammako, ba za ta iya sa hannu kafin takwas saura ba. A da wata maƙwabciyarta ce ke karɓar yaran tun 6:15 ta kai su tare da nata. Maƙwabciyar ta tashi daga unguwar. Makon da ta tashi shi ne makon da jan biro ya fara.

Kwana biyar na fashi kuwa, huɗu ƙaramin ne ya yi zazzaɓi, gidan raino kuma ba ya karɓar yaro mai zazzaɓi, kuma suna da gaskiya. Hutunta na shekara ta riga ta cinye shi kwana ɗai-ɗai a kan irin wannan lalura. Na biyar ranar kotu ce, kan kuɗin ciyar da yara.

Sai na tambaye ta batun waya. Nan ne muryarta ta sauya.

"Idan ina dutin dare, babbar nake bar wa ƙaramin. In kulle su ta waje. Duk bayan awa biyu nake kiranta in ji lafiya. Idan ta kira ni kuwa, ranki ya daɗe, ko me nake yi sai na ɗauka."

Yarinya 'yar shekara 11, da yaro ɗan shekara 3, a kulle, awa goma. Mu kuma abin da muka gani muka rubuta shi ne wai tana wasa da waya a bakin aiki.

Lissafin da ba ya fita

Na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce tsoro. Tun da aurenta ya mutu take ɓoye duk abin da ya shafi yara, don kada a ce ta zama kaya. Wannan tsoron yana da tushe. A 2007 Shelley Correll da abokan aikinta a Amurka suka wallafa wani bincike inda suka aika wa kamfanoni takardun neman aiki masu cancanta iri ɗaya, bambancin kawai wata takardar tana nuna mai ita uwa ce, wata ba ta nuna ba. Matan da ba a ga alamar 'ya'ya a takardarsu ba an kira su fiye da ninki biyu na iyaye mata. Maza kuwa zamansu uba bai rage musu komai ba. Malama ba ta karanta wannan bincike ba, amma ta san sakamakonsa a jikinta.

Abin da na fahimta a zaman nan shi ne duk tsarin aikinmu an gina shi ne a kan wani mutum da ba a rubuta shi a ko'ina ba: babba na biyu a gida. Jadawalin da ke fitowa Juma'a, saƙon dare na sauya duti, taron da ake kira bayan tashi, duk suna ɗauka cewa akwai wanda zai riƙe gida idan ma'aikaci ya fita. Claudia Goldin, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta yi dogon bayani kan ayyukan da ke fifita wanda za a iya samu a kowane lokaci, suna biyansa fiye da kima a kan wanda ke da iyaka. Ta nuna yadda ma'aurata kan raba abin: ɗaya ya rungumi aikin da ke cinye lokaci, ɗaya ya ja baya ya riƙe yara, kuma galibi matar ce ke ja da baya. To ita uwa ɗaya tilo da wa za ta raba? Ita ce mai fita nema, ita ce kuma wadda za a kira idan yaro ya faɗi a makaranta. Taura biyu ce aka sa mata a baki aka ce ta tauna.

Irinta kuma ba kaɗan ba ne. Rahoton hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2019 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 8 cikin 100 na gidajen duniya mahaifi ɗaya ne ke riƙe da su, kuma kashi 84 cikin 100 na waɗannan mata ne. Gidaje sama da miliyan 101 ke nan na uwa da 'ya'yanta kaɗai, ba a ma lissafa waɗanda suka koma cikin danginsu da yaran ba. Bankin Duniya kuma a 2021 ya ce yara kusan miliyan 350 da ba su kai shiga firamare ba suna bukatar wurin raino amma babu. Ita Malama tana cikin masu sa'a ma, tunda ta samu gidan raino. Abin da bai samu ba shi ne gidan rainon da agogonsa ya yi daidai da namu. Rabin awa ce tsakani, kuma wannan rabin awar ta kusa cinye aikin shekara takwas.

Sai batun kuɗi, wanda ban so shiga ba amma ba yadda za a yi a kauce masa. Haya, gidan raino da kuɗin makarantar babbar sun kwashe fiye da rabin albashinta kafin a zo maganar ci da sha da abin hawa. Uban yaran ya turo kuɗi wata uku na farko, sannan ya yi shiru. Ta kai ƙara, kotu ta yanke abin da zai riƙa bayarwa duk wata, sai ya biya wata ɗaya ya tsallake biyu. Duk lokacin da za ta koma kotu sai ta rasa ranar aiki, wani lokacin ma ta je a ɗage zaman. Ta ce min ta taɓa zama ta lissafa, ta ga bin haƙƙin ya kusa fin haƙƙin tsada.

A takarda babu gardama kan wanda nauyin ke kansa. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, a sashe na 27, ta wajabta wa ƙasashe su tabbatar an karɓo wa yaro kuɗin kula da shi daga iyayensa. Inda gizo ke saƙa shi ne karɓowar. Japan misali ce da ke ba ni mamaki kullum: binciken gwamnatinta na 2021 ya nuna sama da kashi 85 cikin 100 na iyaye mata masu reno su kaɗai suna aiki, amma kashi 28 ne kawai ke samun kuɗin yara daga tsoffin mazajensu, kuma kusan kashi 45 na gidajen mahaifi ɗaya suna cikin talauci. Ƙasa mai arziki, mata masu aiki tuƙuru, ga kuma sakamakon. Duk mai cewa maganin matsalar irin waɗannan mata shi ne su tashi su nemi na kansu, sai ya dubi Japan. Sun tashi sun nema. Jamus ta bi wata hanya: idan uba ya ƙi biya, hukuma ce ke ba yaron kuɗin, sannan ita ta bi uban bashi, kuma daga 2017 aka faɗaɗa tsarin har yaro ya kai shekara 18. Hikimar a fili take. Hukuma tana da lauyoyi da lokaci, uwar da ke da dutin safe ba ta da su.

Taimakon da ya riga ya zo, bai yi aiki ba

Kada a ce abokan aikinta ba su da zuciya. Watanni kaɗan bayan rabuwar sun yi karo-karo sun haɗa mata kuɗi a ambulan, aka miƙa mata a gaban kowa da jawabi. Ta karɓa ta yi godiya. A ofishina ta ce min ranar ta fi ranar sakin ciwo, domin daga ranar ta zama abin tausayi, kuma wanda aka tausaya wa ba ya da bakin neman komai kuma. Kuɗin sun biya hayar wata guda. Gidan raino bai fasa buɗewa 7:30 ba.

Akwai kuma kirarin da ake yi mata, wanda ni ma na sha yi: jaruma, mace mai kamar maza, ban san yadda kike yi ba. Yanzu idan na tuna sai in ji kunya. Kalmar daɗi ce, amma tana rufe ƙofa. Idan ka ce wa mutum jarumi ka sallame shi ke nan, ka nuna ba ya bukatarka. Da ɗayanmu ya mayar da "ban san yadda kike yi ba" tambaya ta gaske, ya tsaya ya ji amsa, da mun san labarin kulle yara tun da wuri.

Su kansu waɗanda suka yi karo-karon su ne daga baya suka fara ƙorafi, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya kwana yana aiki, bakwai ta yi yana jiran mai karɓarsa, sai takwas ta gota, ba zai yi murna ba. Ƙorafinsu ne ya kai fayil ɗin teburin shugaban asibiti.

Abin da muka yi

Na shiga wurin shugaban da rajista da jadawali, ban shiga da labarin tausayi ba, domin na san shi.

"Yallaɓai, kafin in rubuta takardar nan ina so ka ga wani abu."

Ya duba, ya ce ya gani, amma doka doka ce, idan aka ɗaga wa ɗaya gobe goma za su zo. Na ce masa ya lissafa abin da sallamarta za ta ci: talla, tantancewa, wata shida sabon ma'aikaci yana koyon hannu, ga jarirai da za a yi ta caka wa allura ana neman jijiya. Na kuma tuna masa cewa Yarjejeniya ta 156 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, tun 1981, ta ce nauyin iyali shi kaɗai ba hujjar korar ma'aikaci ba ne. Gaskiya ƙasashen da suka rattaba mata hannu ba su kai 50 ba, kuma ba ita ta motsa shi ba. Lissafin kuɗin ne ya motsa shi. Ya ba ni wata shida in gwada.

Abu na farko, muka ƙirƙiro dutin da ke farawa 8:15 ya tashi 3:15. Da muka duba sai muka ga ashe ya fi dacewa da aikin ma, domin cunkoson masu gwaji daga tara ne zuwa uku, kuma lokacin miƙa duti na ƙarfe biyu kullum hannu ba ya isa. Na biyu, jadawali ya koma fitowa mako biyu kafin lokaci, kuma ba a sauya wa mutum duti sai da yardarsa. Na uku, aka ba ma'aikata damar musayar duti tsakaninsu, su sanar kawai, ba sai sun bi ta ofis uku ba. Na huɗu, aka cire ta daga dutin dare na wata shida, ita kuma ta ɗauki Asabar biyu a wata, ranar da kowa ke gudu, domin ƙanwarta ɗaliba ce, ranar tana gida.

Babu ƙarin albashi a ciki, babu rage awanni. Abin da ta samu shi ne sanin gobe. Na daɗe ina ganin wannan ƙaramin abu ne, har na ci karo da wani bincike da aka yi a Korogocho, wata unguwar talakawa a Nairobi, aka wallafa a 2019 ƙarƙashin jagorancin Shelley Clark ta Jami'ar McGill. An ba wasu iyaye mata takardar biyan kuɗin gidan raino, aka bar wasu, aka kwatanta. Yawan masu aiki a cikin waɗanda aka ba ya zarce na sauran da kashi 8.5 cikin 100, amma yawancin wannan ƙari a wurin matan aure aka gan shi. Iyaye mata marasa miji dama can suna aiki, ba su da zaɓi. Abin da suka yi da damar shi ne komawa ayyuka masu tsayayyen lokaci, suka rage awannin aiki ba tare da kuɗin shigarsu ya ragu ba. Wato da aka ba su sarari kaɗan, lokaci mai tsari suka fara saya da shi.

Ga mai tsoron cewa irin wannan sassauci asara ce ga ma'aikata, kamfanin tufafi na Gap ya gwada a shaguna 28 a San Francisco da Chicago tsakanin 2015 da 2016. A shagunan da aka daidaita lokutan shiga da tashi, aka kuma sauƙaƙa musayar duti, ciniki ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, yawan aikin da ma'aikaci ke fitarwa kuma da kashi 5. Shago daban, asibiti daban, ban ce abin zai zo ɗaya ba. Amma a wurinmu, cikin wata biyar ɗin da suka biyo baya, Malama sau ɗaya ta makara.

Kuskuren da na yi shi ne na fara tsarin da sunanta. Mako bai cika ba wata abokiyar aikinta ta same ni.

"Anti, mu ma fa muna da 'ya'ya. Ko sai an sake mu za a dube mu?"

Maganar ta yi zafi, kuma tana da gaskiya. Na mayar da Malama 'yar lele, na ƙara mata wani nauyin a kan wanda take ɗauke da shi. Har ta zo ta roƙe ni a mayar da ita tsohon tsari don ta huta da harara. Sai muka buɗe ƙofar ga kowa: duk mai wani nauyi a gida zai iya neman daidaita lokacinsa, a duba a ba shi amsa a rubuce cikin mako biyu. Irin wannan haƙƙi na neman daidaita lokacin aiki Birtaniya ta mayar da shi doka tun daga ranar farko ta kama aiki, daga Afrilun 2024, ko da yake mai aiki na iya ƙi idan ya kawo hujja. Mutum na biyu da ya nema a wurinmu namiji ne, magidanci, mai kai mahaifinsa wankin ƙoda sau biyu a mako. Shekara guda yana fama, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Daga ranar hararar ta mutu.

Kan kuɗin yara, abin da na iya kawai shi ne haɗa ta da wata lauya mai taimakon marasa ƙarfi kyauta, da kuma amincewa ranar kotu ba fashi ba ce. Lauyar ta nemi a riƙa cire kuɗin kai tsaye daga albashin uban. An samu umarnin, kuɗi suka shigo sau biyu a jere, karo na farko tun da kotu ta yanke masa abin da zai riƙa bayarwa. Sai ya bar aikin albashi ya koma kasuwancin kansa, inda babu albashin da za a cira. Yanzu an koma gidan jiya, wata ya turo, wata ya yi shiru.

Abin da bai gyaru ba

Cire ta daga dutin dare ya tafi da alawus ɗin dare, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da take kai wa gida. Ni ban yi wannan lissafin ba lokacin da nake murnar na warware matsala. Ita ta yi shi, ta kuma zaɓi barcin 'ya'yanta a kan kuɗin. Amma ta sauya wa babbar makaranta zuwa mai rahusa.

Sannan gurbin shugaban sashe ya buɗe. A ƙwarewa babu wanda ya kama ƙafarta. Sharaɗin shi ne kwas na mako uku a wani gari, da kuma yarda a kira ka kowane lokaci. Ba ta ma nema ba. Wanda ya samu yaro ne da ita ta koya wa riƙe sirinji, mutumin kirki, matarsa tana gida da yaransu uku. Babu wanda ya zalunce ta a wannan zaɓe, kowace ƙa'ida an bi. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya ce mata miliyan 606 ne aikin kula da iyali ya hana shiga aikin neman kuɗi, maza kuwa miliyan 41. Malama ba ta cikin wannan adadi, tunda tana aiki. Babu kuma rajistar da ke ƙirga irinta, waɗanda suka tsira da aikin amma suka tsaya cak a mataki ɗaya. Na rubuta wa hukumar asibiti shawarar a riƙa raba kwas ɗin gida uku ko a yi wani ɓangare ta intanet. Har yanzu takardar tana kan teburin da na ajiye ta.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce babbar 'yar. A duk lissafinmu na duti da alawus babu inda sunanta ya fito, alhali ita ce babba na biyun da tsarinmu ya yi ta dogara da shi fiye da shekara guda. Malamar ajinsu ta taɓa aiko wa uwar cewa yarinyar tana barci a aji, kuma makinta ya faɗi. Ta iya auna maganin zazzaɓi da cokali, ta san lambar da za ta kira idan wuta ta tashi, ta san yadda ake rarrashin yaro ƙarfe biyun dare ba tare da maƙwabta sun ji ba, domin uwar ta gargaɗe ta kada kowa ya san su kaɗai suke kwana. Makin ya fara dawowa. Amma Malama ta ce min har yanzu, duk da tana gida kowane dare, yarinyar takan farka wajen ƙarfe ɗaya ta je ta taɓa ƙofa ta ji ko a kulle take, ta leƙa ƙaninta, sannan ta koma ta kwanta.

Wata shidan da shugaban ya ba ni za su cika ƙarshen watan gobe. Dutin 8:15 ya zauna, babu mai maganar soke shi, mutum huɗu ke amfani da shi yanzu. Na dare ne ke gabanmu. Ma'aikata bakwai ne a ɗakin gwaje-gwaje, shida sun yi wata biyar suna raba daren mutum bakwai, kuma biyu daga cikinsu sun fara tambayata, cikin ladabi, yaushe za ta dawo layi. Na nemi a ɗauki ma'aikacin dare na dindindin, an ce sai sabon kasafi. Na tambayi gidajen raino uku ko suna kwana da yara, babu ko ɗaya. Ƙaramin zai cika shekara huɗu, babbar sha biyu.

Jiya da za ta tashi ta leƙo ofishina, jaka a kafaɗa, tana duba agogo saboda gidan raino huɗu yake rufewa.

"Ranki ya daɗe, an yi maganar daren kuwa?"

Na ce mata ranar Talata za a zauna.